Abin da Aka Rubuta a Bayan Jadawali

Hajiya Lauratu Kailani mace ce mai ƙwazo, wannan ko wanda ba ya ƙaunarta ba zai musa ba. Ta shiga Makarantar 'Yan Mata ta Nagoda, da ke Tudun Wadar Zariya, tana ƙaramar malamar aji ɗaya. Ta yi ta hawa sannu a hankali, har bayan shekara ashirin da shida aka ba ta shugabancin makarantar. A tsakanin nan ta haifi 'ya'ya biyar, ta yi digiri a Kongo, reshen jami'a da ke nan Zariya, tana kan aiki, kuma ba a taɓa ba ta takardar tuhuma ko sau ɗaya ba. Sai dai tana da aibi guda, wanda ita ba ta ɗauke shi aibi ba. Ta yi imani har cikin zuciyarta cewa, bayan ikon Allah, ita kaɗai ta kai kanta inda take.

Duk malamar da ta kawo mata kukan gida, amsarta ɗaya ce. "Ni ma da goyo na yi," in ji ta. "Ni wa ya taimake ni?" Ta maimaita wannan magana har malamai suka haddace ta. In ta juya baya, sai wata ta gyara gilashi a karan hanci, ta kwaikwayi muryarta, a yi dariya ƙasa-ƙasa.

A makarantar akwai wata dattijuwa, Madam Comfort Obadiya, mutuniyar Wusasa, mai koyar da labarin ƙasa. Ta riga Hajiya Lauratu zuwa da shekara tara, amma ba ta taɓa wuce matsayin malamar aji ba, domin ba ta da digiri. Tun kafin a haifi wasu daga cikin malaman, ita ke tsara jadawalin darussa. Kowane hutu takan sayo farin kwali babba, ta fiƙe fensir, ta ɗauko rula da kilina, ta yi mako biyu tana zane tana gogewa. An kuma san ta da son zumunci. Ba suna, ba biki, ba ta'aziyya a gidan wani malami da za a nemi Madam a rasa. Takan zauna a gefe da ɗankwalinta, ba ta cika magana ba, sai kallo.

Da Hajiya Lauratu ta hau kujera, abin da ta fara dubawa shi ne wannan kwali da ke manne a bangon ɗakin malamai. Ta tsaya gabansa da biro a hannu, ranta ya ɓaci. Malam Sabo, mai koyar da lissafi, kullum shi ne da darasin farko, daga Litinin har Juma'a. Malama Rahma kuwa, mai koyar da kemistiri, ba ta da darasin farko ko ɗaya. Kafin a tashi tara tana da sarari, ranar Alhamis kuma daga sha biyu ba ta da komai.

"Wannan ai son kai ne," in ji Hajiya a ranta. "Wasu na noma, wasu na shan inuwa."

Malama Rahma ita kaɗai ce malamar kemistiri a makarantar, kuma saboda ita iyaye da dama ke kawo 'ya'yansu. Shekara takwas ke nan ɗalibanta suna cin jarrabawar fita da sakamako mai kyau. Abu ɗaya ya tsaya mata: ta karanta kemistiri, amma ba ta da takardar shaidar koyarwa, kwamitin makaranta kuma ya ce wanda ba shi da ita ba zai ƙara samun girma ba. Don haka ta shiga karatun a Kongo, duk Alhamis da rana, kuma tana shekarar ƙarshe. Ga shi bayan shekara shida da aure Allah ya ba ta haihuwa. Yaron yana wata biyar, tana barinsa wurin surukarta a Gyallesu. Idan Alhamis ta kuɓuce mata, karatun ya tafi. Idan sararin kafin tara ya kuɓuce, yaron zai wuni bai sha nono ba.

Ranar taron malamai na farkon zango, Hajiya ta shigo da kwamfutarta a hammata. Ta je wani taron ƙara wa juna sani a Kaduna, an nuna musu manhajar da ke tsara jadawali cikin minti biyar.

"Daga yau an daina zanen kwali," in ji ta. "Na'ura ba ta san ɗan wane ba, ba ta san 'yar gidan wane ba. Kowa zai sami safiya, kowa zai sami rana, daidai wa daida. Madam, mun gode da hidimar shekaru. Za ki koma kula da ɗakin karatu, ki huta."

Malam Sabo ya cire hularsa ya leƙa cikinta, kamar ya ajiye wani abu a ciki, ya mayar.

"Kuma don kada a ce na yi zalunci," Hajiya ta ci gaba, "duk mai uzuri ta rubuto a takarda, ta kawo ofis kafin Juma'a. Zan duba."

Juma'a ta zo ta wuce, ko takarda ɗaya ba ta shigo ba. Hajiya ta ji daɗi, ta ɗauka wannan shaida ce cewa dama ba wani uzuri, sangarta ce kawai. Da aka tashi, Madam Comfort ta yi sallama a ƙofar ofis, ta shigo ta tsaya, ba ta zauna ba.

"Hajiya, ba za su rubuto ba."

"Me zai hana su, Madam? Biro ne ya yi tsada?"

"Kunya, Hajiya."

Hajiya ta yi dariya. "Malamar da za ta tsaya gaban yara hamsin ta zana musu yadda ɗa ke kwanciya a ciki, ita ce za ta ji kunyar takarda?"

"Bayanin cikin wata daban, na mutum daban," in ji Madam. "Wace Bahaushiya ce za ta ɗauki biro ta rubuta wa shugabarta cewa tana da ciki wata biyu? Wace ce za ta rubuta sunan ɗanta na fari, ta ce a ba ta lokaci ta je ta shayar da shi? Ke kin san mu, Hajiya."

"Na san mu sarai. Shi ya sa muke baya. Ni da na yi nawa, wa na roƙa?"

Madam ta dube ta, kamar za ta faɗi wani abu. Sai ta ce, "Haka ne. Ba ki roƙi kowa ba." Ta yi sallama ta fita.

Sabon jadawali ya fito a farar takarda, tsaf da shi, layi bisa layi. Malama Rahma ta sami darasin farko sau uku a mako. Sararinta na kafin tara ya ɓace. Ranar Alhamis kuma aka ba ta darasi biyu na ƙarshe da 'yan aji shida.

Ba a yi mako biyu ba abubuwa suka fara sauyawa. Ƙarfe takwas saura kwata Hajiya kan ja jan layi a littafin sa hannu, duk wanda sunansa ya faɗo ƙarƙashin layin ya makara. Sunayen da ba a taɓa gani a ƙasa ba suka fara bayyana, kusan duka mata. Malama Rahma takan fita da gudu in an tashi tara, ta tari keke mai ƙafa uku zuwa Gyallesu, ta dawo tana haki an riga an shiga aji. Wata rana ba ta sami keke ba, ta dawo ba ta shayar ba, nono ya jiƙa mata riga, ta wuni tana jan hijabinta tana rufe ƙirji, ba ta yarda ta ɗaga hannu ta yi rubutu a saman allo ba. Malam Sabo ya ce zai karɓar mata Alhamis su yi musanya. Da Hajiya ta ji, sai ta kafa sanarwa: ba musanya sai da izinin ofis.

A mako na huɗu Rahma ta shigo ofis, ta durƙusa ta gaishe ta.

"Hajiya, alfarma nake nema a kan Alhamis. Sau uku ke nan ban je Kongo ba. Sun ce in na ƙara biyu ba zan zauna jarrabawa ba."

"Na ce a rubuto, ba ki rubuto ba. Yanzu in taɓa naki, na kowa ya rushe. Makarar da kike yi fa, ita ma Kongo ce?"

Rahma ta sunkuyar da kai. "Abin gida ne, Hajiya."

Hajiya ta san abin gidan. Ita ma ta aika da turmin atamfa ranar suna. Amma sai ta gyara gilashinta ta ce, "Malama Rahma, Kongon nan ni ma na yi ta. Da goyo na yi ta, wani lokaci da goyo da ciki. Ban taɓa makara ba, ban taɓa barin aji ba. Wa ya taimake ni? Mace in tana son ta kai wani wuri, sai ta ɗaure."

"To, Hajiya. Na gode."

A mako na shida takardar ajiye aiki ta iso. Gajera ce, cike da godiya, ba ƙorafi ko ɗaya. Malam Sabo ya biyo ta ofis yana cewa a yi haƙuri a kira yarinyar a zauna. Hajiya ta sa hannu a gabansa. "Makaranta ba ta mutum ɗaya ba ce, Malam," in ji ta.

Bayan mako uku, kwamiti ya aiko cewa makaranta za ta cika shekara arba'in, a tattaro tsofaffin hotuna da takardu don baje koli. Wata Laraba da hantsi Hajiya ta buɗe tsohon kabad na ƙarfe da ke bayan ɗakin malamai. A can ƙasa ta tarar da kwalaye a nannaɗe, kowanne an ɗaure shi da ƙyallen atamfa, an rubuta shekara a gefensa. Tsofaffin jadawalan Madam Comfort ne. Ta jawo na sama don ta kawar da shi, ɗaurin ya kwance, kwalin ya faɗi ya baje a kife.

Bayansa cike yake da rubutun fensir, ƙanana, a jere.

Ta ɗauko ta kai bakin taga. Jadawalin zangon da ya wuce ne. Ta karanta:

"Rahma. Ɗan fari. Gyallesu, minti goma a keke in an samu. A sake ta kafin tara. Alhamis Kongo, saura shekara ɗaya. Kada a taɓa Alhamis."

"Angela. Maigida yana kwance, ita ke kai shi asibiti Talata. Ba ta so a sani."

"Ishatu. Ta fita takaba, yara huɗu, ba mai ɗauko su. Kada a ba ta darasin ƙarshe."

"Sabo. Damina. A sake shi bayan azahar ya je gona. Zai ɗauki safiya."

Hajiya ta juya kwalin ta dubi gabansa, ta sake juyawa ta dubi baya. Kowane gurbi da ta kira son kai, ga dalilinsa a bayansa, daidai wurin. Malamai talatin da ɗaya, kowa da layinsa. Kuma duk da haka ba ajin da aka tauye wa darasi ko ɗaya, ba malamin da yawan darussansa ya gaza na ɗan'uwansa. An dai jera su ne yadda rayuwar kowa za ta shiga.

Ta durƙusa gaban kabad ɗin, ita da ba ta son ƙura ta taɓa mata tufafi, ta shiga jawo kwalayen tana duba shekaru, tana komawa baya. Ta kai ga shekarar da ta yi aure. Kwalin ya yi ja, gefensa gara ta ɗan ci. Ta kwance shi.

"Lauratu. Ta daina shan shayi, tana tsotsar tsamiya a ɓoye. Wajen Yuli, in Allah ya yarda. Ba za ta faɗa ba. Kada a tambaye ta. A sauko da ita daga azuzuwan bene."

Ta tuna. A zangon nan ne aka mayar da duk darussanta azuzuwan ƙasa, ta yi ta murna a ranta cewa ta yi sa'a.

Ta buɗe na gaba. "Lauratu. Ɗan fari. Gidan surukai bayan kasuwa, minti goma sha biyar a ƙafa, na gwada da kaina. A ba ta sarari kafin tara. Sabo ya karɓi safiyarta."

Na gwada da kaina. Hajiya ta zauna daɓas a ƙasa. Ta ga kanta tana 'yar shekara ashirin da huɗu, tana ratsa kasuwar Tudun Wada da sauri, tana dawowa kafin a buga ƙararrawa, tana yaba wa kanta cewa ta iya tsara lokaci. Ashe wata ta riga ta taka wannan hanya da ƙafarta, tana duba agogo, don ta san minti nawa za ta bar mata.

Kwali bayan kwali, sunanta yana nan. Haihuwa ta biyu. Rasuwar mahaifiyarta. Shekarar da maigidanta ya yi aiki a Kafanchan ya bar ta da yara uku. Sai ta iso shekarar da ta sami gurbin karatu.

"Lauratu ta sami Kongo. Laraba da Alhamis daga sha biyu, shekara huɗu. Zai yi wuya, sai an motsa mutum shida. A motsa su. Yarinyar nan za ta riƙe makarantar nan wata rana. A buɗe mata hanya."

Ta daɗe a zaune, kwalin a cinyarta. A waje yara suna karatu da ƙarfi, ƙararrawa ta buga, ba ta ji ba. Ta ƙirga: shekara goma sha ɗaya sunanta bai fita daga bayan kwali ba. Duk abin da take tinƙaho da shi, cewa ba ta taɓa makara ba, ba ta taɓa barin aji ba, ga shi nan an zana mata shi da fensir tun kafin a dawo hutu. Abin ya fi ƙarfin kunya, ya zama tsoro, irin wanda kan kama mutum in ya waiwaya ya ga faɗin kogin da ya haye yana tsammanin ƙafarsa ce ke taka ƙasa. Bakinta ba abin da yake fitarwa sai, "Subhanallahi. Subhanallahi."

Da ta fito ta ci karo da Malam Sabo a baranda, da alli a hannu.

"Malam, ka san da wannan?" Ta nuna masa bayan kwalin.

Ya ɗan leƙa, ya yi murmushi. "Au, Hajiya, asirin Madam kika tono? Ni fa dama mai sammako ne. Ta ce in ɗauki safiya, ta ba ni bayan azahar in ga masarata. Ni na ci riba."

"Tun yaushe?"

"Tun Sadiq ɗinki yana goye. Yanzu ai na ji har an kai masa lefe."

Ko a wannan hali, da ta ji sunan ɗanta na fari sai ta kawar da kai, kamar yadda ta saba shekara ashirin da biyar. Nan take ta ji abin da ta yi. Ita da kanta, da furfurarta, ba ta iya amsa sunan. Ita ce kuma ta ce yarinya ta rubuto shi a takarda.

Ta sami Madam Comfort a ɗakin karatu tana liƙe bangon wani tsohon littafi. Ta ajiye kwalin a kan tebur. Wannan karon ita ce ta tsaya, ba ta zauna ba.

"Madam, me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

Madam ta dubi kwalin, ta dube ta. "Da na faɗa miki, da kin karɓa?"

Madam ba ta jira amsa ba.

"Da kin ce a mayar da ke kamar kowa, kada a ce an yi miki alfarma. Na san halinki tun kina amarya. Kuma ba ƙarya kike yi ba, Hajiya, ke kika yi karatunki, ba ni na zauna miki jarrabawa ba. Ni ƙofa kawai na riƙe."

"To bukukuwan nan da kike zuwa..."

Madam ta yi dariya har ta dafa tebur. "Kin ɗauka shinkafar nake bi? Ni da likita ya hana ni maiƙo? A gidan suna ake jin wadda surukarta ta koma ƙauye. A gidan makoki ake sanin wa aka bar wa marayu. Ba wadda za ta zo ta faɗa miki. Sai kin je, ki zauna, ki yi shiru."

"Amma me ya sa, Madam? Shekara talatin da wani abu. Ba a ƙara miki girma ba, ba wanda ya gode miki."

Dattijuwar ta ajiye littafin. "Ni ma an taɓa ba ni gurbin digiri," in ji ta. "Ɗana Evans yana wata huɗu. Na je wurin shugaban lokacin, na tsaya a ƙofarsa, na kasa buɗe baki, na juyo. Shi ma bai tambaya ba. Takardar tana nan cikin Littafi Mai Tsarki, a gida, ta yi ja kamar kwalin nan. Da aka ba ni aikin jadawali na ce, to, Ubangiji, ga inda ka ajiye ni. In dai ina riƙe da fensirin nan, ba wadda za ta sake tsayawa a ƙofa ta juya."

Hajiya Lauratu ta cire gilashinta. Sai ta durƙusa, kamar yadda take yi shekarar da ta fara aiki. Madam ta yi maza ta kamo ta. "Tashi, tashi, kada yara su gani. Ba ni za ki durƙusa wa ba. Ki je Gyallesu."

Bayan la'asar ta shiga keke. Surukar Rahma ta tarbe ta da fara'a, ta shimfiɗa mata darduma, ta kawo ruwa, ta ɗauko yaron ta aza mata a cinya. Rahma ta fito ta gaishe ta, ta zauna can gefe, tana kallon ƙasa, kamar ba ta san ɗan wa aka ɗauko ba.

"Malama Rahma, na zo ne in ba ki haƙuri. Na zalunce ki, kuma da jahilci na yi. Ki dawo. Alhamis taki ce, kafin tara ma naki ne."

Rahma ta daɗe tana murza bakin hijabinta. "Wallahi Hajiya ba komai, na yafe. Ke uwa ce. Sai dai bakin alƙalami ya bushe. Wata makaranta a Sabon Gari sun ɗauke ni, sun bar mini Alhamis, na kuma ba su alkawarin shekara uku. Ba zan so in fara da saɓa magana ba."

"Matsayinki fa? Shekara takwas?"

"Daga ƙasa zan fara, Hajiya. Haka Allah ya tsara."

Yaron ya kama yatsan Hajiya ya riƙe gam. Ta zauna tana kallonsa, ba ta sake roƙo ba, domin ta san magana ta ƙare.

'Yan aji shida suka yi wata biyu ba malamin kemistiri. Wanda aka samo daga baya ya yi iyakar ƙoƙarinsa, amma da sakamako ya fito, rabin ajin ba su ci ba, cikinsu har da yara uku da ke burin karatun likita. Wasu iyaye suka kwashe 'ya'yansu suka bi Malama Rahma Sabon Gari. Da kwamiti ya kira Hajiya ya tambaye ta abin da ya faru, ba ta ɗora wa kowa ba. Ta ce, "Ni ce. An ba ni gida a gine, na ga ginshiƙi na ɗauka ya tare hanya."

Da hutu ya zo, ita da kanta ta je kasuwa ta sayo farin kwali. Saura shekara ɗaya Madam Comfort ta yi ritaya, don haka suka zauna tare a ɗakin karatu mako biyu cur, ɗaya na faɗa, ɗaya na rubutawa tana gogewa. Kwamfutar ba a jefar da ita ba. In sun gama, ita ke buga musu a takarda mai kyau. Hajiya ta fara zuwa suna da ta'aziyya da ƙafarta, maimakon aika atamfa. Da farko in ta shiga sai mata su yi tsit, har suka saba da ita.

Ranar taron farkon zango aka kawo shayi da burodi kamar yadda aka saba. Hajiya tana cikin bayani sai idonta ya faɗa kan Malama Bilkisu, wadda aka yi bikinta kafin azumi. Yarinyar ta ture kofinta gefe a hankali, ta sa hannu a jaka, ta kai wani abu baki a ɓoye. Hajiya ta ɗaga ido ta dubi Madam Comfort a can ƙarshen ɗaki. Madam tana kallon silin, kamar ba ta ga komai ba.

Hajiya ta ƙarasa bayaninta. Da kowa ya watse, ta sauko da kwalin daga bango, ta kifa shi a kan tebur, ta fiƙe fensir. A ƙasan sauran sunaye ta rubuta, da ƙananan baƙaƙe: "Bilkisu. Ba za ta faɗa ba. Kada a tambaye ta. A sauko da ita daga bene."

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, babu macen da ta haɗa aiki da gida ta kai wani matsayi ita kaɗai, ko da kuwa ba ta taɓa roƙon kowa ba. In ta bincika za ta tarar akwai wadda ta riƙe mata ƙofa, akwai wanda ya ɗauki safiyarta bai faɗa ba. Wadda ta manta da haka, ranar da ta hau kujera za ta rufe wa na bayanta ƙofar da aka buɗe mata, tana ganin adalci take yi. Raba wa kowa daidai ba shi ne adalci ba, in nauyin da ke kan mutane ba ɗaya ba ne. Shirun mace kuma ba ya nufin ba ta da damuwa, sau da yawa kunya ce ta rufe mata baki. Don haka duk wanda Allah ya ba shugabanci, mace ko namiji, kada ya zauna jiran takarda. Ya buɗe ido, ya san mutanensa, ya sauƙaƙa musu tun kafin su kai ga zaɓa tsakanin ɗa da aiki. Hajiya Lauratu ta gane wannan, amma sai bayan ta rasa malamar da ba ta sake samun irinta ba.